Me ke sa babban wasan waƙa da rawa ya ci riba ko ya karye?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ke jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe a nan Garwa. Muna kallon guntayen manyan wasannin nan na New York da Landan da Paris a waya, irin waɗanda ake ba da labari cikin waƙa da rawa a kan dandamali. Na ji an ce wani ya haura shekara talatin ana yin sa, wani kuma an zuba masa biliyoyi amma ya mutu. Me ke bambanta su? Kuma in mu ma muna so mu gwada daidai ƙarfinmu, ina za mu sa ido?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Tambayarka ta kasuwa ce, don haka ta fuskar kuɗi zan amsa maka, in bar gardamar wane wasa ya fi wane kyau ga masu ita.

Ka fara riƙe wannan tukuna: yawancin wasannin nan asara suke yi. Broadway, wato manyan gidajen wasa 41 da ke tsakiyar New York, a kakar 2018 zuwa 2019 ta sayar da tikiti na kusan dalar Amurka biliyan 1.8 ga 'yan kallo sama da miliyan 14. Duk da wannan tulin kuɗi, masu harkar sun daɗe suna cewa a cikin wasa biyar da ƙyar ɗaya ke mayar da uwar kuɗinsa. Guntayen da ke yawo a wayoyinku na tsirarun da suka tsira ne. Waɗanda suka mutu bayan wata biyu ko uku, babu mai tura maka bidiyonsu.

Kuɗi iri biyu ne a wannan sana'a, kuma wanda bai raba su a kansa ba ba zai taɓa gane abin da ke faruwa ba. Akwai jarin kafawa: abin da za a kashe kafin a buɗe ƙofa, na gina kayan dandamali, ɗinka sutura, biyan 'yan wasa a makonnin gwaji, tallan farko, da ɗan abin da ake ajiyewa saboda tsaro. Sannan akwai kuɗin mako: albashin 'yan wasa da makaɗa da ma'aikatan bayan labule, hayar gida, hayar fitilu da na'urorin sauti, talla, da kason marubuta da darakta. Ana wasa sau takwas a mako, kuma ko gida ya cika ko bai cika ba sai an biya kusan duka wannan. Kwatanta shi da bas ɗin da ke tashi daga Garwa zuwa Ngaundare. Sayen motar daban, man da za ta sha da kuɗin direba daban. Ko da fasinja ashirin ta tashi ko da saba'in, man da za ta ƙona a hawan dutsen nan kusan ɗaya ne, kuma kujerar da ta tafi babu kowa ta tafi ke nan, ba a sayar da ita gobe.

Bari mu yi lissafi da alƙaluma na misali kawai. A ce an kafa wasa a kan dala miliyan 15, yana cin dubu 800 kowane mako. In tikiti ya kawo miliyan ɗaya a mako, rarar dubu 200 ce, sai an yi mako 75 kafin masu jari su ga uwar kuɗinsu. In ciniki ya ragu da kashi goma cikin ɗari kacal, ya koma dubu 900, rarar ta zama dubu 100, makonnin sun zama 150, kusan shekara uku. In kuma ya hau zuwa miliyan ɗaya da dubu 200, cikin mako 38 an gama. Ka ga ɗan motsi kaɗan a ƙofa yana ninka ko ya raba tsawon jira. Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin abin da ya shigo a mako da abin da ya fita, da kuma yawan makonnin da za ta ɗore, ita ce rai da mutuwar wasa. Duk sauran abin da zan faɗa a kanta yake komawa.

Ɗauki Spider-Man: Turn Off the Dark, wanda nake jin shi aka ba ka labari. An kashe masa kusan dala miliyan 75, abin da ya haura sefa biliyan 40 a canjin yau, kuma a lokacin babu wasan da ya taɓa cin haka a Broadway. Bono da The Edge na ƙungiyar U2 suka rubuta waƙoƙin. 'Yan wasa na shawagi a igiya a saman kawunan 'yan kallo, wasu sun ji rauni, har wani ya faɗo daga sama a watan Disambar 2010 aka kwantar da shi a asibiti. An fara nuna shi na gwaji a Nuwambar 2010, aka yi ta ɗage ranar buɗewa, aka sauya darakta, aka sake rubuta labari, sai a Yunin 2011 aka buɗe bayan wasan gwaji 182. Abin da mutane ke mantawa shi ne, jama'a sun zo. A makon ƙarshe na 2011 ya yi cinikin kusan dala miliyan 2.9, wanda ya zama tarihi a lokacin. Amma yana cin sama da miliyan ɗaya kowane mako, ga jari kamar dutse a kansa. Da ciniki ya ɗan sauka, rarar ta ƙafe. An rufe shi ranar 4 ga Janairun 2014, aka ruwaito asarar da ta kusa dala miliyan 60. Wasan da ya shekara uku yana tara mutane, amma ko uwa ba ta fito ba.

Sa shi gefe guda da Hamilton, wanda aka kafa a 2015 a kan dala miliyan 12 da rabi. Dandamalinsa katako ne da igiyoyi da wani faifai mai juyawa a ƙasa, kuma sai da aka gwada shi a ƙaramin gida, Public Theater, aka ga yadda mutane ke rububinsa, sannan aka kai shi babban gida. Bai cika shekara ba ya biya masu jarinsa. Ko kuma wasan Chicago da aka farfaɗo da shi a 1996: baƙaƙen kaya, 'yan kujeru, makaɗa zaune a tsakiyar dandamali, shi ke nan. Har yau yana nan, saboda ko a makon da kasuwa ta yi sanyi yana iya biyan kansa. Ni a ganina wannan ya fi kowane abin al'ajabi da ake rataye wa a rufin gida wayo.

Hatta wanda ya yi nasara, kuɗin mako ne ke yanke masa wa'adi. The Phantom of the Opera ya buɗe a New York a Janairun 1988, ya yi wasa 13,981, aka rufe shi ranar 16 ga Afrilun 2023. Ya daɗe da mayar da jarinsa ninkin ba ninkin. Amma wasa ne mai nauyi, da babbar ƙungiyar makaɗa, da ɗimbin sutura, da wata ƙatuwar fitila da ke rikitowa daga rufi kowane dare ta wuce ta saman kawunan mutane. Bayan annobar korona, wadda ta rufe Broadway daga Maris ɗin 2020 har kusan shekara ɗaya da rabi, kuɗin makonsa ya doshi dala miliyan ɗaya, baƙi 'yan yawon buɗe ido kuma ba su dawo kamar da ba. Furodusansa, Cameron Mackintosh, ya duba littafi ya ga ana ta cike giɓi, ya rufe.

Akwai kuma mai gida. Yawancin gidajen Broadway suna hannun kamfanoni ƙalilan ne, Shubert kaɗai na da 17. A yarjejeniyar haya akan sa sharaɗin cewa in cinikinka ya faɗi ƙasa da wani adadi mako biyu a jere, mai gida na da ikon ya tashe ka ya sa wani. Shi ya sa Janairu da Fabrairu, lokacin da sanyi ya tsananta baƙi suka watse bayan hutun ƙarshen shekara, suke zama maƙabartar wasanni. Ka lura da ranar da aka rufe Spider-Man.

To me ke cika kujeru mako bayan mako? Mutane da yawa za su ce masu sharhi a jarida. Suna da tasiri: Carrie na 1988 sun yi masa kaca-kaca, aka rufe shi bayan wasa biyar. Amma Les Misérables da aka buɗe da Ingilishi a Landan a 1985, yawancin masu sharhi sun kushe shi, jama'a kuwa suka yi layi, kuma ga shi har yanzu ana yi. Wicked na 2003 ya sami sharhi rabi da rabi, bai ci babbar kyautar Broadway, wato Tony, ta gwarzon wasa ba a 2004, amma jarinsa na dala miliyan 14 ya dawo cikin wata 14, kuma ya shige shekara ashirin yana cika ɗaya daga cikin gidaje mafi girma a Broadway. Talla na iya cika maka gida a watan farko. Daga nan sai abin da wanda ya fito ya gaya wa maƙwabcinsa. In ya ce "ba laifi", ka mutu a hankali. Sai ya kama hannun mutum ya ce "wallahi sai ka je", ko shi da kansa ya sake sayen tikiti ya kai iyalinsa, sannan kana da kasuwa. Kuma abin da ke sa mutum faɗin haka kusan kullum labari ne da ya taɓa shi da waƙar da ya fito yana rerawa. Na'ura tana sa a yi tafi, ba ta cika sa a dawo ba.

Ka san kuma wa ke sayen tikitin. A Broadway wajen kashi biyu cikin uku na 'yan kallo mata ne, kuma mafi yawa baƙi ne daga wajen birnin, wasu ma ba sa jin Ingilishi sosai. Nan The Lion King ya yi zarra. Tun 1997 yake gudana. A waƙar buɗewa, wata mace ce ke ɗaga murya da harshen Zulu, raƙuman dawa na takowa, 'yan wasa ne a kan dogayen sanduna hannu da ƙafa, giwa kuma na bi ta tsakanin kujeru ta nufi dandamali. Yaro ɗan shekara shida daga Japan da kakarsa duk sun gane, ba sai an fassara musu ba. Mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M na cikin waɗanda suka gina wannan sauti. Zuwa 2014 an ruwaito cinikinsa a duniya ya haura dala biliyan shida. Wani abin lura, Julie Taymor da ta shirya shi ita ce daraktar farko ta Spider-Man. Gwaninta ɗaya, sakamako biyu.

Sanannen suna yana taimakawa, shi ya sa ake ta mayar da finafinai da tsofaffin waƙoƙi wasan dandamali. Amma ba lamuni ba ne. Furodusa Judy Craymer ta ɗauki waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta ABBA ta gina Mamma Mia! a Landan a 1999, ya zagaye duniya. A ƙarshen 2012 ta maimaita dabarar da waƙoƙin Spice Girls a Viva Forever!, bai wuce wata bakwai ba aka rufe, da asarar wajen fam miliyan biyar. Tauraro ma haka: yana sayar da tikiti muddin yana nan, ran da kwantiraginsa ya ƙare ciniki na iya zubewa. Mackintosh ya kauce wa wannan tarko tun zamanin Cats a 1981, ya sa tambarin wasan ya zama shi ne tauraro, idanu biyu rawaya a kan baƙin allo. Kowa ya tafi, wani ya maye gurbinsa, mai sayen tikiti bai damu ba.

Mu da muka tashi da rediyo da talabijin na Faransanci, akwai salon Paris da ya kamata mu duba, don ya fi kusa da yanayinmu. Notre-Dame de Paris na Luc Plamondon da Riccardo Cocciante an buɗe shi a Satumbar 1998 a Palais des Congrès, zauren da ke ɗaukar mutum sama da dubu uku. Watanni kafin nan an riga an saki faifan waƙoƙin, waƙar Belle ta mamaye gidajen rediyo, mutane suka zo kallon abin da suka riga suka haddace. Kiɗan kuma naɗaɗɗe ne ake sakawa, mawaƙa na rerawa a kai, an huta da albashin ƙungiyar makaɗa kowane dare. Ba su zauna gida ɗaya shekara da shekaru ba, sun cika babban zaure na ɗan lokaci sannan suka bi gari gari.

A bin gari gari ɗin nan ne ma babban kuɗin yake, har ga Amurkawa. New York da Landan wurin yin suna ne. Da wasa ya karɓu, sai a yi kwafinsa sak a Hambug da Tokiyo da Madrid, a tura ayari ya zagaya biranen Amurka, a sayar da faifai da riguna, daga baya a riƙa ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi izinin yin sa suna biya. Kamfanin Disney ya biya kusan dala miliyan 75 don hoton bidiyon Hamilton kaɗai. Akwai wasannin da suka faɗi a Broadway amma marubutansu na cin abinci da kuɗin izini har yau. Bayan an mayar da jari, bisa al'ada ana raba riba biyu ne, rabi ga furodusoshi rabi ga masu zuba kuɗi, kuma wasa ɗaya da ya karɓu shi ke rufe ramin huɗun da suka karye.

Afirka ma ta taka wannan dandamali. Sarafina! na Mbongeni Ngema, labarin ɗaliban Soweto, ya tashi daga Market Theatre na Johannasbag a 1987, ya isa Broadway a 1988 ya yi wasa 597. Fela!, labarin mawaƙin Najeriya Fela Kuti, ya buɗe a ƙarshen 2009, da sunayen Jay-Z da Will Smith cikin masu ɗaukar nauyi, ya ci kyautar Tony uku, aka rufe shi a farkon Janairun 2011, sannan aka kawo shi Legas a wannan shekarar. A Legas ɗin, Bolanle Austen-Peters ta cibiyar al'adu ta Terra Kulture ta nuna ana iya yi a gida, da Saro a 2013 da waɗanda suka biyo baya. Amma duba yadda take yi: kwanaki ƙididdigaggu a lokacin bukukuwa, musamman Disamba, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi a bayanta.

Yanzu mu dawo Garwa. Babban bambancinku da New York shi ne su kullum jirgi na sauke musu sababbin 'yan kallo, ku kuwa mutanen gari ne, kuma masu iya cire kuɗi su sayi tikitin wasa suna ƙarewa cikin 'yan darare. Yi lissafin da kanka, ga misali. Zaure mai kujera 300, tikiti sefa 2,000. Kada ka rubuta 600,000, don layin gaba na manyan baƙi ne, ga iyayen 'yan wasa, ga abokan mai tsaron ƙofa. A ce mutum 240 suka biya, 480,000 ke nan. Hayar zaure, lasifika da fitilu, injin wuta da mansa saboda ba a dogara da wutar gari a daren wasa, kuɗin mota da abincin 'yan wasa, ɗan abin sallama, a ce 350,000. Saura 130,000. In kun kashe miliyan uku wajen shiri, kuna bukatar dare 24 a cike, wato mutum sama da 5,700 masu biya. Kana da su? In babu, to ko ka rage kuɗin dare, ko ka rage jari, ko ka samo wanda zai ɗauke maka jarin gaba ɗaya don a sa sunansa a allo, tikiti ya riƙa biyan kuɗin dare kawai. Na ukun nan shi ne gaskiyar yawancin wasan dandamali a nahiyarmu, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai a karɓi kuɗin a hannu kafin a fara ɗinki. Alƙawarin "ku fara, za mu gani" ya kashe ƙungiyoyi da yawa.

Ka gina wasan yadda zai shiga mota ɗaya. In kayan dandamalinku ba za su naɗu a ɗaure a saman bas zuwa Marwa da Ngaundare, ko a haye da su Kusiri zuwa Njamena ba, kun ɗaure kanku a gari ɗaya. Mutum goma sha biyu da kowa ke iya hawa matsayi biyu sun fi arba'in da za ka ciyar. Kuma kowane babban matsayi ya kasance da mai jiran gado wanda ya haddace shi, don zazzaɓi ba ya duba ranar wasa.

Maganar harshe, kai ma ka san zauren da za ka tara a nan akwai mai Fulatanci, akwai mai Hausa, akwai wanda sai Faransanci, in kun je Njamena ga Larabcin Cadi. Darasin The Lion King ke nan a gare ku: labarin ya zama ido na iya bin sa, amshin waƙoƙin ya zama gajere mai kama baki, harsunan su gauraya yadda suke gauraya a kasuwa. Mutanenmu sun saba da labari mai waƙa a ciki ta finafinan Kano da na Indiya, ba sai ka koya musu ba. Abin da ba su saba da shi ba shi ne biyan kuɗi a ƙofa, don haka ku yi irin ta Paris. Ku naɗi waƙa biyu mafi daɗi wata biyu kafin wasa, ku kai gidajen rediyo, ku sake su a WhatsApp da TikTok. In yara ba su fara rera su a unguwa ba, ku dakata da kama zaure.

Lokaci kuma ka zaɓe shi da hankali. Ban da azumi, ban da tsakiyar damina in filin a buɗe yake, kuma zafin Maris da Afrilu a zauren da ba iska azaba ce. Kwanakin bayan Sallah, ƙarshen wata da albashi ya shiga, da lokacin da kuɗin auduga ya faɗo hannun mutane, su ne kasuwarku. Ku sa wasa ɗaya da yamma bayan la'asar saboda mata da yara, ku yi wa makarantu farashi na musamman su sayi zaure sukutum. Sannan tun kafin ranar farko ku zauna ku rubuta yadda za a yi da kuɗin liƙi, na mawaƙin da aka liƙa wa ne ko na asusun ƙungiya, kowa ya sa hannu. Mai karɓar kuɗi a ƙofa daban, mai yaga tikiti daban, kuma a ƙirga a gaban mutum uku a daren, kafin kowa ya tafi gida.